Na Je Sin Neman Maganin Tsufa, Na Tarar Da Fate

Saƙo ɗaya Baba ya ba ni ranar da na je yi masa sallama. Ya ce, "Tunda Chanan nan za ka koma, ka binciko mini abin da tsofaffinsu ke sha. Na ga wani a waya, wai ya haura ɗari, yana faskare." Baba ya ba saba'in baya, hawan jini ya kama shi shekara shida ke nan, kwanan baya kuma likita ya ce ciwon suga ya leƙo. Na ce masa to, in Allah ya yarda. A raina na ɗauka wani kantin magani zan shiga in sayo kwalba biyu, in cusa a jaka, in sauke nauyi.

Wannan ce tafiyata ta biyar zuwa Guangzhou, da mu 'yan Kwari muke kira Gwanzu, amma tsakani da Allah ban taɓa kallon garin ba. Sanina bai wuce filin jirgi ba, da otal a unguwar Xiaobei inda baƙar fata ke taruwa, da rumfunan yadi, da lissafin kwantena. Abinci kuwa duk inda na hango allo mai alamar halal nan nake faɗawa in ci taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gabanka. A watan Oktoban 2024 na sauka, ta Addis Ababa. Kwana uku da zuwana masana'antar da ke buga mini kaya ta ce a yi haƙuri sai nan da kwana goma, wai rini bai kama ba. Na yi faɗa ta bakin tafinta har muryata ta dishe, su kuma suna ta ƙaro mini shayi suna murmushi. Haka na wayi gari ba aikin fari ba na baƙi, sai saƙon Baba.

Tafintana yaro ne ɗan Damagaram, karatu ya kai shi Sin ya zauna, shekararsa takwas a can. Da na gaya masa abin da nake nema sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Gobe in mun yi asuba mu je lambun Yuexiu."

Gari bai gama wayewa ba amma lambun ya cika, kuma kusan duk furfura ce. Wasu sun yi sahu suna motsa hannu a hankali kamar masu iyo a cikin zuma, wannan shi ne taici. Can gefe dattijai mata sun fi talatin sun kunna rediyo suna taka rawa, ƙafa ɗaya. Wani tsoho ya rataye a jikin ƙarfe yana lilo, wani yana tafiya da baya da baya, wani kuma ya tsoma ƙaton alƙalami a bokitin ruwa yana rubutu a kan daɓe, rubutun na bushewa yana sake wani. Kowa da ɗan gorar ruwan zafinsa, da ganyen shayi a ciki ko wasu jajayen 'ya'yan itace ƙanana da suke kira goji. Na tsaya ina tuna gida. Tsoho a wurinmu in ya kai waɗannan shekarun, tabarma ce da carbi da rediyo. Dattijuwa kuwa ta kuskura ta taka rawa a fili da sassafe, kafin azahar 'ya'yanta sun kira mai ruƙiyya.

Yawansu ba abin mamaki ba ne in ka ji lissafi. A ƙarshen 2023 mutanen Sin da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 297, wato tsofaffinsu kaɗai sun fi mutanen Najeriya gaba ɗaya. Jaririn da aka haifa a can yanzu ana sa ran ya wuce shekara 78.

Daga lambu sai karin kumallo, muka bi bayansu. Ni dai kallo na yi, don a kudancin Sin alade yana shiga inda ba ka zata, ko ba nama akwai kitsensa. Abin da ya fi yawa a teburinsu wani kunun shinkafa ne mai ruwa-ruwa da ake kira juk, ba sukari, sai ɗan kifi ko citta. Sai ganye da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka tsame yana nan kore shar, sai ƙananan abubuwa da aka turara a kwandunan gora. Faranti kowanne bai fi tafin hannu ba, mutum huɗu a kansa, kowa na tsinta da tsinke biyu, hira ta fi ci yawa. Da rana muka leƙa ɗaya daga cikin ɗakunan cin abincin da hukumar birnin ta buɗe wa tsofaffi a unguwanni da rangwamen kuɗi. A tiren kowa akwai 'yar shinkafa, kifi turararre, ganye, romo, da wani abu fari yanka-yanka. Na ce wa tafinta mene ne wancan? Ya ce, "Haba Alhaji, awara ce fa." Na sake dubawa. Awararmu ce sak, ta waken suya, wadda yara ke talla a bakin makaranta. Bambancin dai mu sai mun nutsar da ita a mai ta yi ja, mun tsoma a ƙwai mun sake soyawa, mun bulbula yaji da dunƙule. Su a cikin romo suke jefa ta.

Matar da tafinta ke haya a gidanta ta haura tamanin, ita ke zuwa kasuwa da ƙafarta kullum, ba ta yarda da cefanen jiya. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ɗaga yatsu ta faɗi wata magana da duk ɗan Sin ya sani: ka ci bakwai cikin goma na ƙoshi, ka tsame hannu. Ta ƙara da wata, wai taku ɗari bayan cin abinci yana kai mutum shekara 99. Ta farkon ce ta tsaya mini a rai, don tun ina makarantar allo nake jin hadisin da Tirmizi ya rawaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in kuwa ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Na haddace shi, ina kuma tashi daga gaban tuwo da ƙyar, ina dafa bango. Tsohuwar nan ba ta taɓa jin sa ba, ita ke aiki da shi.

Ita ce ta ce in dai 'yan shekara ɗari nake son gani, in tafi Bama. Na ce Bama? Ta Borno? Tafinta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe akwai wata Bamar a yankin Guangxi, wanda ya yi iyaka da Biyetnam, gunduma ce a cikin duwatsu ta ƙabilun Yao da Zhuang, kuma tun 1991 wata ƙungiya ta ayyana ta cikin garuruwan masu tsawon rai na duniya.

Muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Nanning, kusan awa huɗu, daga nan muka shiga bas, ita ma wajen haka. Hanyar ta ratsa wasu duwatsu masu tsini, a tsattsaye kamar an jera tulin dawa an lulluɓe da kore, gonaki a tsakankaninsu ƙanana ƙanana, ba ka ganin fili mai faɗin da za a ce tarakta ta juya. Masaukin farko da muka je suka duba fasfona suka girgiza kai, wai ba su da izinin sauke baƙon waje. Na biyu ya karɓe mu, aka ba mu ɗaki mai ɗan madafi, wanda shi ya cece ni, don abin alfaharin garin wani ɗan ƙaramin alade ne da ake gasawa a kowace kusurwa. Na sayi tukunya sabuwa fil na ce wa tafinta girki ya kama mu.

Kasuwar safe ce ta fara kashe mini jiki. Na zo neman abin da ban taɓa gani ba, sai ga ni a tsakiyar kayan da na sani tun ina yaro: tsakin masara, dankalin Hausa, gwaza, kabewa, wake iri-iri, gyaɗa, ayaba. Ganye kuwa tuli: ganyen dankali, ganyen kabewa da lagwaninsa, alayyafo, da wani mai ɗaci da ya tuna mini da shuwaka. Mata masu sayarwa da yawansu ba haƙori a baki, amma su suka ɗauko kayan daga kan dutse, a kwanduna biyu rataye a sandar gora.

A wani ƙauye a bakin kogin Panyang wani magidanci ya yarda muka shiga muka gaida mahaifiyarsa, wadda ya ce ta haura casa'in. Mun same ta a tsugune, ba kujera ba dafa ƙasa, tana ɓarar masara. 'Yar firit ce, in ka ɗaga ta da hannu ɗaya za ta ɗagu. Lokacin cin abinci ya yi aka sauke tukunya, na leƙa. Tsakin masara ne aka dafa shi ruwa-ruwa, ga wata tukunyar ta ganye a gefe, sai dafaffen dankali. Ta zuba ganyen a kan kunun ta juya. Na dubi tafinta, ya dube ni. Na ce, "Kai, wannan ai fate ne." Faten tsaki, irin wanda kakata take yi da rama da yakuwa in damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, wanda yanzu in aka yi a gidana yara ke tura baki su ce a dafa musu Indomie. Na ratso rabin duniya, na kashe kuɗin jirgi da na bas, na zo na tsuguna a gaban fate.

Abu ɗaya ne baƙo a tukunyar. Romon ganyen fari ne kamar an zuba madara, kuma ba mai suka sa ba. Wani iri ne mai suna huoma suke dakawa su tace da ruwa, kamar yadda ake tace gyaɗar kunu. Na tambayi wace shuka ce, aka nuna mini hoto, sai gabana ya faɗi. Dangin tabar wiwi ce, ganyen iri ɗaya, sai dai wannan ba ta bugarwa, don iri da zare ake noma ta. Shi ne kowane kanti a garin ke sayarwa a kwalabe masu kyau a matsayin sirrin Bama. Har na ciro kuɗi, tafinta ya riƙe mini hannu ya ce, "Alhaji, ka yi tunanin bayanin da za ka yi a filin jirgin Kano in aka buɗe jakarka aka ga hoton ganyen nan a jikin kwalba." Na mayar da kuɗina aljihu.

Na sa tafinta ya tambayi tsohuwar me ya sa ba ta cin nama sosai, ina jiran wata hikima. Ta ce da ba su da shi ne. Nama sai sabuwar shekara ko biki, shinkafa ma ba ta yi a kan dutse, masara da dankali ne kawai ke yarda. Ɗanta ya ƙara da cewa ta ga yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane a faɗin ƙasar. Daga nan na fara kallon abin da wani ido. Ƙarancin cin da ake yaba musu, talauci ne ya koya musu shi, ba likita ba. Hawan dutsen da ake cewa motsa jiki, hanyar gona ce. Kuma mu waɗanda suka rage muke gani. Tsararta da zazzaɓi ko haihuwa ko yunwa suka ɗauke tun suna da ƙuruciya, fate ɗaya suka sha da ita, ba wanda ya ɗauki hotonsu.

Ƙauyen Bapan, wanda ake wa laƙabi da ƙauyen tsawon rai, ya zama wani abu dabam. Benaye ne a cunkushe a bakin ruwa, an gina su don masu zuwa jinya daga biranen nesa, musamman daga arewa mai sanyi, su kama haya wata da watanni. Mutanen gari na kiransu tsuntsayen kaura. Za ka gan su da jarkoki suna layin ɗiban ruwan marmaro, ko a zazzaune a bakin kogon Baimo suna shaƙar iska da ƙarfi, wasu da ciwon daji, wasu da suga, wasu ana tura su a keke. Ban yi musu dariya ba, mai ciwo ba ya raina magani, ni ma ai kwalba na zo nema. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne yadda ake zaunar da tsoho a falo a ƙarƙashin allo mai ɗauke da shekarunsa, baƙi na shiga suna miƙa masa jar ambulan da kuɗi a ciki, a ɗauki hoto, na baya ya matso. Shekarun ma na yi musu alamar tambaya. Wanda aka haifa a ƙauyen dutse shekara ɗari da suka wuce, wa ya rubuta ranar? Ga al'adarsu ta lissafa wa jariri shekara ɗaya tun ranar haihuwa. Mu da muka san yadda tsoho a gida ke cewa an haife shi "shekarar fara", a yi ta ƙari har ya kai 120, ba za a yi mana wannan burgar ba. Tsofaffi masu ƙwari kam akwai su, na gani da idona. Lambar da ke kan allo ce ban rantse a kanta ba.

A hanyar dawowa muka kwana a Nanning, inda tafinta ke da aboki, Bakatsine, yana shekarar ƙarshe a karatun likita. Na zayyana masa duk abin da na gani, ina cewa lallai Sinawa sun gama gano lafiya. Ya ce, "Yallaɓai, zo asibitinmu ka ga ɓangaren masu shanyewar ɓarin jiki, sannan ka faɗi haka." Ya ce wannan ciwon yana sahun gaba cikin abin da ke kashe mutane a Sin, kuma gishiri na da hannu dumu-dumu. Ɗan Sin yana cin fiye da giram 10 a rana, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a kai 5. Yana ɓoye ne a baƙin ruwan waken suya da suke ɗiga wa komai, da ganyen da ake jiƙawa a gishiri don ajiyar hunturu, musamman a arewa. Masu ciwon suga kuwa sun kai wajen miliyan 140, tunda farar shinkafa da soye-soye da lemon kwalba sun samu, zama a ofis ya maye gurbin gona.

Ya ba ni labarin wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2021. Ƙauyuka 600 aka ɗauka a arewacin ƙasar, mutum kusan 21,000, yawancinsu tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. Rabi aka ba su gishirin da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu aka maye da sinadarin fotashiyam, rabi suka ci gaba da nasu. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a ɓangaren farko, mutuwa ta ragu da kashi 12. Na ce to a ina ake sayar da shi in kai wa Baba buhu? Ya ce a'a, sai an duba ƙodarsa da irin maganin da yake sha, don mai ciwon ƙoda wannan gishirin na iya yi masa illa. Abin da ba ya buƙatar izinin kowa, in ji shi, shi ne a rage dunƙulen da ake jefawa a miya. Na yi shiru, don na san a tukunyar gidanmu ba a ƙirga shi.

Wani abin da ya gyara mini kuma shi ne zancen ƙarancin ci. Ya ce tun 1998 masana a Jami'ar Peking ke bibiyar dubban tsofaffi 'yan tamanin zuwa ɗari, kuma abin da ke fitowa shi ne waɗanda ke cin abinci iri-iri sun fi daɗewa. Tsohon da ya rame ya koma kunu zalla, ba ƙwai ba kifi ba wake, naman jikinsa ke zaizayewa, faɗuwa ɗaya ta kwantar da shi. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta ƙasar ke cewa mutum ya haɗa iri 12 a rana, 25 a mako. Ya kuma yi adalci ya ce irin wannan bincike ba ya rabe komai da komai, don mai cin kifi da 'ya'yan itace kullum sau da yawa shi ne mai kuɗin zuwa asibiti. A cikin jirgin ƙasa na zauna ina ƙirga na Baba da yatsu: gero a koko, wake a ƙosai, shinkafa, masara a tuwo, kuka, daddawa, albasa, barkono, sai nama in an samu. Rabinsu ma ɗanɗano ne kawai. Ga zogale a tsakar gidan, awaki ke ci.

Na dawo Gwanzu ranar Alhamis, washegari na yi Juma'a a masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda mutanen wurin ke cewa akwai kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake littattafanmu sun ce a Baƙi'a aka rufe shi. A bakin ƙofa 'yan'uwa Musulmi daga arewa maso yamma sun baje tsire na rago, gurasa, da shinkafa mai maiƙo da karas. Nan na gane kalmar "abincin Sinawa" ma faɗi ce kawai, ƙasar ta fi ƙarfin tukunya ɗaya. Na kuma manta da bakwai cikin goma, na ci har na kasa sunkuyawa in ɗaura takalmi.

Kaya suka fito, na loda. Tsarabar Baba kuwa na rasa me zan kai, sai a wata rumfar kayan tangaram na ga irin ƙananan kwanukan da suke cin shinkafa da su, na sayi guda shida.

Daren da na iso na je gaishe shi, na zauna na ba shi labari tun daga lambu har Bama. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo kan fate sai Inna ta yi tsaki daga bakin ƙofa ta ce, "Ni da nake yi kuna cewa abincin talaka." Na fito da kwanukan na jera. Baba ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Wannan na shan rubutu ne ko na cin tuwo?" Na ce na tuwo ne, Baba, cikinsa ɗaya ake ci. Ya ce to a zubo a gani. Inna ta zuba masa, ya cinye a loma huɗu, ya miƙa mata kwanon ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ƙaro."